"Garinmu ba shi da tarihi, sai gonaki": amsa ga wani malamin makaranta daga ƙasar Soba

Wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙaramin garin manoma cikin ƙaramar hukumar Soba ya aiko mini da tambaya. Ƙungiyar ci gaban garinsu ta ɗora masa aikin rubuta wuraren tarihi na garin. Ya zagaya, bai ga komai ba sai gonakin masara, da wani tsohon masallacin ƙasa, da zauren dagaci da ya soma tsagewa. Matasa kuma sun tara kuɗi, ra'ayi ya rabu biyu: wasu sun ce a rushe zauren a yi na bulo, wasu sun ce a shafe shi da siminti a yi masa fenti. Ya rufe da cewa: "Baba, shin gari irin namu yana da abin da za a kira ginin tarihi? Zauren nan kuma yaya za mu yi da shi?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Mahaifina magini ne, a kan caɓin ƙasa na yi wayo, daga baya na yi karatun zanen gine-gine, na kuma ƙarar da yawancin shekarun aikina ina hawa da sauka a kan tsofaffin soraye na ƙasar Zazzau kafin gwiwa ta zaunar da ni a nan Kaduna. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsa.

Abin da ya hana ka gani shi ne sama kake kallo. Idonka yana neman abu irin majalisar Lugard ta nan Kaduna mai tulluwa, ko ƙofar fadar Zazzau mai zane. Manomi da ƙasa yake gini, ita kuwa ƙasa da zarar an daina kula da ita sai ta kama hanyar komawa inda aka haƙo ta. Yawancin tarihin garinku bai wuce tsayin gwiwa ba a yau, wani ma yana ƙarƙashin juji. Sai ka sunkuyar da kai.

Kada ƙanƙantar gari ta sa ka raina shi. A cikin 'yan wuraren da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi wa rajista a Jihar Kaduna, tare da ganuwar Zariya da duwatsun Kufena, akwai tsohon masallacin Maigana, hedikwatar ƙaramar hukumarku, wanda aka rubuta da sunan Masallacin Haɓe, wato ana danganta shi da mutanen da suka riƙe ƙasar kafin tutar jihadi ta iso Zazzau. Ga Turunku a Igabi, wadda yau garin noma ce kamar naku, amma daga can Bakwa Turunku ta fito, wadda tarihin sarautar Zazzau ya danganta wa kafa Zariya wajen 1536, kuma ragowar ganuwarta na nan a gindin duwatsu. Wanda ya wuce ta a mota zai ce ƙauye ne.

Fara da ganuwa. Ina da yaƙinin garinku ya taɓa yin ta in dai ya kai shekara 150 a inda yake, domin a ƙarni na 19 kwana a fili a gabashin Zazzau sayar da rai ne. Ningawa sukan kawo hari daga gabas su kwashi mutane da dabbobi, daga yamma kuma a ƙarshen ƙarnin ga Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Kontagora, wanda ɓarnarsa na cikin abin da ya sa Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa kafin su mamaye Zariya a 1902. Bayan an samu zaman lafiya aka daina gayyar gyaran ganuwa, ruwa ya yi ta cin ta, magina suka yi ta ɗibar ƙasarta don ta riga ta nuna, manoma suka hau kanta da garma. Abin da ya rage shi ne wani dogon tudu mai lanƙwasa, da kwari a bayansa inda ramin yake. Da damina ba za ka gan shi ba, masara ta rufe. Ka bari sai an yi girbi an kwashe kara, ka fita da sassafe ko bayan la'asar lokacin da inuwa ke miƙewa, sai ka ga tudun ya fito kamar jijiya a bayan hannun tsoho. Bi shi da ƙafa har ka dawo inda ka tashi, kana ƙidaya taku. Za ka yi mamakin faɗinsa, don ganuwar manoma takan haɗa da gonaki da rijiya da makiyaya a ciki, saboda in aka yi wa gari zobe a samu abin ci. Inda hanyar ƙafa ta ratsa tudun, galibi nan ƙofa take, kuma sau da yawa sunan ƙofar yana raye a bakin tsofaffi ko da babu ko tubali ɗaya nata. Kududdufan da yara ke kamun tarwaɗa a ciki su ma ka rubuta su. Kowane kududdufi bangon wani ne da aka haƙo, girmansa yana faɗa maka yawan ginin da aka taɓa yi a unguwar.

Daga nan ka tambayi manoma inda garma ke yawan tono tsingaro. In ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a tsakiyar gona babu gida kusa, kufai ne, mutane sun zauna a nan sun ci miyar kuka sun watsar da 'ya'yan. Za ka tarar da dutsen niƙa da ya lotsa, wani lokaci da tarin kashin maƙera, baƙi mai nauyi mai ƙuraje, alamar an narka tama a wurin tun kafin ƙarfen Turawa ya shigo. In akwai dutse kusa da gari, hau ka duba, don garuruwa da yawa a bisa ko a gindin dutse suka fara, sai da tsoro ya kau suka sauko kusa da fadama da hanya. Roƙona guda ɗaya: kada ka haƙa, kada ka bar yara su haƙa. Tsingaro a inda yake kwance shaida ne, da zarar an zuba shi a buhu ya zama shara.

Abin da na fi so ka nemo shi ne karofi, wato wurin ramukan rini. Na taɓa zuwa wani ƙauye a wannan yankin duba wani soro, muna zaune a dakali sai na lura da wani tudu mai launin toka a bayan gari, awaki na kwance a kai. Na tambaya aka ce juji ne. Wani dattijo da ke gefe yana tufkar igiya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Jujin wa? Karofin kakana ne." Ya tashi ya ja ni, ya sa sandarsa ya share leda da kashin awaki, sai ga bakin rami zagayayye sumul kamar bakin randa, da wani shafe mai ƙarfi da farce ba ya kama shi. Muka ci gaba da sharewa, muka ƙirga bakuna goma sha wani abu a jere. Ya tsuguna ya nuna mini yadda ake tsoma zane a murɗa a ɗaga ya sha iska, hannunsa na yin aikin a sarari babu zane babu baba. Matasan da suka biyo mu a garin aka haife su, ba su taɓa sanin a kan masana'anta suke zubar da shara ba. Garin da ke da ramukan rini haka yana da masu noman auduga da baba, da mata masu kaɗi, da masaƙa, da mabuga, da fatake masu ɗauka zuwa kasuwanni. Wancan tudun mai launin toka kuma katsi ne, gurɓin da ake kwashewa daga ƙasan rami. Riƙe wannan kalma, zan dawo kanta a maganar zaurenku.

Sai na zamanin Turawa, wanda ya fi sauƙin samu a rubuce. Ƙasar Soba ta taɓa ganin jirgin ƙasa, ƙila ɗalibanka ba su sani ba. An shimfiɗa wani siririn layin dogo daga Zariya zuwa Jos don kwaso kuza, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kawai, ya kai Rahama a 1912, ya ƙarasa tudun Jos a 1914, yana bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai kaya suka koma can, aka rufe ƙaramin a 1957 aka kwashe ƙarafan. In garinku na kusa da inda ya bi, nemi miƙaƙƙen tudu da bai yi kama da aikin manomi ba, da ginshiƙan ƙananan gadoji na dutse a kan rafuka. Haka nan fuloti, wato kasuwar auduga. Kamfanin auduga na Ingila da muke kira Bisije ya kafa injin gurza a Zariya, gwamnati ta yi gonar gwaji a Maigana kafin Samaru ta zama cibiyar binciken noma a 1922, aka raba wa manoma angurya ta irin Amurka, aka kuma kafa kasuwannin auduga a ƙauyuka. Filin da ake ajiye sikeli, inda malamin auduga ke tsoma hannu a buhu ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, nan ne kuɗin haraji da na aure suke fitowa shekara da shekaru. Ko da daɓen siminti kawai ya rage, ka rubuta. Ka haɗa da ajin farko na elementare, da ɗakin shan magani na En'e, da rijiyar gwamnati mai murfin kankare, da barikin da Joji, wato Baturen mulki, ke sauka in akwai. A irin waɗannan wani lokaci birkila yakan rubuta shekara da yatsa a jikin ɗanyen siminti.

Rumbu ma gini ne, kuma ni a wurina babu inda hikimar maginin ƙauye ta fito kamar a jikinsa. Bango siriri, an ɗora shi a kan duwatsu don iska ta ratsa ƙasansa, gara da danshi su rasa hanya, ga hular ciyawa a kai, ya riƙe dawa shekara biyu ko uku ba magani. Buhun leda da shago sun kusa kashe shi. In akwai gidan da har yanzu ke da jerin rufewa, wato rumbunan ƙasa, ɗauki hoto yau, kada ka ce gobe. Idan kuma garinku na cikin masu rake irin na wajen Maƙarfi da Kudan, tsohon injin matse rake da doki ke juyawa da murhun dafa mazarƙwaila su ma sun shiga lissafi.

To, mu zo kan masallaci da zaure. Shiga ciki ka ɗaga kai, yanzu lokacin kallon sama ya yi. Rufin soro da azara ake yi, wato giginya da aka tsaga, saboda ƙarfinta kuma gara ba ta cika son ta ba. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita 2. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi, sai magini ya yi dabara: ko ya tsayar da ginshiƙi a tsakiya, ko ya yi bakan gizo. Bakan gizo kuwa azara ce ake dasawa a bango hawa-hawa, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa yana karkata ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ya bushe kafin a ƙara, har na dama da na hagu su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna a tsakiya suka ɗauki tulluwa, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da sandunan bakin guga. A wurin haɗuwar wasu kan manna tasa ko faranti don ado. Wannan sana'a ce ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yanzu akwai unguwar Babban Gwani a birnin, kuma an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. In zauren dagacinku yana da baka ko da guda biyu ne, ɗan gidan wancan ilimi ne, kuma masu iya yin sa a yau sun yi ƙaranci ƙwarai. Bulo da kwano kuwa ko gobe aka nema za a samu.

Game da rushewa, amsata a'a, sai fa in an duba an tabbatar ba ya gyaruwa. In matasa na son zauren taro na zamani, fili bai ƙare a garinku ba, su gina a gefe. Game da siminti, a'a ɗin ta fi ƙarfi, kuma ga dalili.

Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe da damina, ya fitar da shi ta jikinsa in rana ta fito. Haka yake rayuwa. Siminti ba ya kama ƙasa kamun gaskiya, zama kawai yake yi a kanta kamar riga, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Cikin shekara biyu ko uku sai rigar ta yi 'yan tsage-tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango fes da fenti, daga ciki tubali na narkewa. An taɓa kira na duba wani zaure da wani ɗan kwangila ya shafe da siminti, mutanen gari na ta yaba kyan aikin. Na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa daga sama zuwa ƙasa. A sama yana amsawa daɓ-daɓ, da na iso daidai ƙugu sai ya koma ƙwal-ƙwal kamar ƙwarya. Na roƙi izini na sa bakin cokalin gini na ɓamɓare tafin hannu guda. Ƙasa jiƙaƙƙiya ta zubo mini a kan takalmi kamar tsaki, ga hanyoyin gara sun yi reshe-reshe a bayan simintin, har da fararen 'ya'yanta suna gudu daga haske. Na zura hannu har wuyan hannu ban taɓo tauri ba. Mai unguwar da ke tsaye a bayana sai salati yake. Bangon da ya yi shekaru aru-aru da yaɓe, shekara biyar ta siminti ta cinye kusan rabin kaurinsa a gindi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma shi wannan tsagewar a ɓoye take yi, shi ya sa ta fi haɗari.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa a bar mutane su zauna ƙarƙashin abin da zai faɗo musu don son tarihi. A watan Agustan 2023 wani sashe na rufin wancan masallaci na Zariya ya rufto kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Agusta ce watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar nan, soro ya sha ya yi nauyi. Rai ya fi kowane gini. Don haka kafin komai, ka dubi irin tsagewar zaurenku. Ƙananan tsage-tsage a fatar yaɓe ba komai ba ne. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta ratsa bango har kana hango haske, ko wadda ta raba kusurwa daga sama zuwa ƙasa, ko wadda ta gitta bakan gizo, ko bango ya yi ciki ya turo waje, ko rufi ya lotsa a tsakiya yana tara ruwa. Gwaji mai sauƙi: liƙa 'yar farar ƙasa ko takarda a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ta yage cikin mako biyu ko uku, ginin na tafiya. A fitar da mutane, a tokare bakunan da itace, a kira magini. In ba ta yage ba, tsohon rauni ne da ya tsaya, cikewa kawai yake so.

Maginin da nake nufi na ƙasa ne, tsoho, ba birkila ba. Ku tambayi Sarkin Magina na yankinku, in babu ku nufi Zariya. Aikin da zai yi ba ɓoyayye ba ne. Zai hau soron ya duba indararo, don yawancin mutuwar soro daga toshewar indararo take farawa: ruwa ya kwanta, ya bi ta kan azara inda ta shiga bango, kan ya ruɓe. Zai kankare tsohuwar ƙasar da aka yi ta laftawa a kai, domin wasu gidajen kowace shekara ƙari suke yi ba sa ragewa, har rufi ya ɗauki nauyin da ba a yi shi don shi ba. Zai canza azarar da ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Zai cike gindin bango da sabon tubali inda ruwa ya ci. Sannan yaɓe: jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawar ramno ko kashin doki, aka jiƙa aka tattake aka bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa kafin a shafa. A kan yaɓen a bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa bango ya yi duhu ya riƙa ture ruwa. A saman soro da kan zankwaye, inda ruwa ya fi duka, nan ake sa laso: katsin nan na karofi, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Shi ne shafen da farcena ya kasa kamawa a bakin ramin rinin dattijon nan. Ka ga yadda sana'o'in gari suke riƙe da juna, marini da majemi suna ba magini abin rufe soro. Da rini ya mutu, katsi ya yi wuya, soraye suka soma yoyo, mutane suka ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. In kun gano tsohon karofinku, wataƙila maganin zaurenku na cikin tudunsa.

In kuɗi ko ma'aikata ba su kai ga laso ba, akwai sassauci da na yarda da shi, ko da yake wasu abokan aikina na yi mini tsiya a kai: a yi wa soron rumfar kwano daga sama, a kan sandunanta, da baki mai faɗi da zai jefa ruwa nesa da bango, a bar iska na wucewa tsakani. Ba ta da kyan gani, tana ɓoye zankwaye, amma na ga ta ceci bakuna da yawa, kuma ranar da aka samu hali ana iya cire ta ba a ɓata komai ba. Sannan ku dubi ƙasa. Sau da yawa an ɗaga titi ko an yi kwata, ruwan unguwa duka ya koma yana kwanciya a gindin tsohon gini. A gyara magudana, a yi dakali mai gangare kewaye da bango. Kuɗin da matasa suka tara a zuba su a wannan aiki, sai dai su sani yaɓe ba a yin sa sau ɗaya a huta. Da can bayan girbi ake gayya a yi wa masallaci da zauren sarki, mata su yi daɓe da waƙa, a ci tuwo a watse. Ƙungiyarku ta sa shi cikin abin da take yi duk shekara ko bayan shekara biyu.

Saura shekaru, don na san za a tambaye ka "yaushe aka gina?" Kada ka rubuta shekara 500 don wani ya faɗa da ƙarfi. Kowane gari na son ya girmi maƙwabcinsa, kuma kowace ganuwa a ƙasar nan sai an ce ta Amina ce. Ginin ƙasa ma ana sabunta shi a kai a kai, ta yiwu wurin ya tsufa ƙwarai amma bangon da kake gani na kakan dagaci ne. Yi amfani da ma'aunin da tsofaffi suka sani. Jero dagatai da limamai daga na yanzu zuwa baya, ka tambaya a hannun wa aka yi kaza. Ka jingina da sarakunan Zazzau: Aliyu Ɗan Sidi 1903 zuwa 1920, Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu 1959 zuwa 1975, Shehu Idris 1975 zuwa 2020. Ka jingina da abubuwan da ba a mantawa: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, shigowar UPE, shirin ilimin firamare kyauta, a 1976. Tsohuwar da ba ta san shekarunta ba za ta gaya maka tana goyon wane aka daina jin kukan jirgi. Ka tambayi mutum uku daban-daban, kowa shi kaɗai, kuma kada ka tsallake mata, su suka san rijiyoyi da wanda ya haƙa su. In biyu suka saɓa, rubuta duka biyun da sunan unguwar da kowace magana ta fito.

In ka samu hutu ka shigo Kaduna, je gidan adana takardun tarihi na ƙasa ka nemi fayilolin Lardin Zariya. Jami'an Turawa sun zagaya gundumomi don ƙiyasta haraji, sukan rubuta yawan gidaje, da sana'o'i, wani lokaci har da adadin ramukan rini da labarin kafuwar gari kamar yadda aka faɗa musu. Ka karanta da lura, don da tafinta suka ji, kuma mai ba da labarin ya san haraji ake nufi. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, shi ma yana da ɗakin karatu, sannan gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu nan za ka kai rahoton kufai ko karofi in kun gano.

Kafin nan, ga aikin wannan makon. Ɗauki ɗalibanka manya huɗu ko biyar da igiya da littafi, ku auna zauren ciki da waje, tsawo da faɗi da kaurin bango a bakin ƙofa. Ku ƙirga bakuna, ku ɗauki hoton kowane bango da mutum tsaye a gefe don a gane tsayi, ku ɗauki rufin daga ciki kuna kwance rigingine. Aiko mini da su in gani, tare da hoton tsagar da takardar da ka liƙa mata. Sannan ka nemi izinin dagaci ka sa tsani ka hau soron da kanka, ka taka a gefe-gefe kusa da bango, ban da tsakiya. In ka tarar ciyawa ta fito a bakin indararo ko tattabaru sun cika shi da sheƙa, tuge ka share a ranar, wannan ba ya buƙatar zaman ƙungiya.